Gudummawar yaran da ambaliya ta shafa: a raba ranar Asabar ko a riƙe wani abu zuwa Nuwamba?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Gudummawar da aka yi kira a tara domin yaran ƙauyukanmu na bakin kogi a ƙananan hukumomin Zaki da Itas/Gadau na jihar Bauchi ta taru, har yanzu ma ana turowa. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Kwamiti ya kawo shawarar a sayi jakunkuna da yunifom da takalma a kasuwar Azare, a ɗauki mota ranar Asabar a je a raba. Kafin a taɓa ko kwabo ina so masu sanin harkar su sa baki. Makarantu uku ne, yara wajen 300. Ɗaya ruwa ya ci katangarta ya taɓa aji biyu, ɗaya mutane na zaune a cikinta, ta ukun lafiyarta ƙalau sai dai hanyar zuwa ta yanke. Baba Hedimasta, kai ne babba, bismillah.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Shugaba, roƙona ɗaya ne, kada a ƙarar da kuɗin nan ranar Asabar.

Yaro ba ya barin makaranta a makon ambaliya. A makonnin nan hukumar agajin gaggawa ta jiha SEMA za ta zo, ta tarayya NEMA za ta zo, 'yan Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini suna nan, masu hali na aiko da shinkafa. Lokacin da ake rasa yara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ya kamata a ce rumbu ya cika amma gero da dawa da shinkafar fadama sun tafi da ruwa, masu kawo agaji kuma sun koma gida. A nan ne uba zai tafi ci-rani ya ja babban ɗansa, ko ya haɗa ƙaramin da malami mai tafiya gabas don a rage baki a gida. Yarinya a ɗora mata farantin talla, 'yar aji shida kuwa a fara maganar aurenta. A rajista abin yake fara nunawa: fashin ranar kasuwa, sai fashin kwana biyu a mako, sai mako guda cur, daga nan sunan ya zama na cika takarda.

Saboda haka a kasa kuɗin uku. Kashi ɗaya yanzu, don a buɗe aji cikin mako biyu ko da a gindin bishiya ne. Kashi biyu a riƙe, a riƙa fitarwa wata-wata har zuwa Maris. Jaka ba ta hana yaro fashi, ƙoshi ne yake hana shi.

Ɗan Agaji:
Baba, da girmanka, akwai abin dubawa. Waɗanda suka ba da kuɗin suna jiran su ga an yi wani abu. In aka ce an ajiye kashi biyu a banki, gobe za a fara cewa kwamiti ya danne. Kuma kaya na tashi kullum, abin da za ka saya yau ba za ka same shi a farashin nan a Janairu ba.

Tsohon Hedimasta:
Maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma tana da magani. Ba takardar kuɗi za a ajiye duka ba. In kaka ta yi, hatsi ya sauko a kasuwannin tudu inda ruwa bai taɓa ba, sai a sayi gero da waken suya da gyaɗa a lokacin, a adana. Ta farkon kuwa aikin Ma'aji ne.

Ma'aji:
Haka ne. Zargi yana shigowa ne ta inda aka yi shiru. Kuɗin ya zauna a asusun banki mai sunan ƙungiya, ba na wani mutum ba komai amanarsa, da masu sa hannu uku, sai biyu sun sa kafin a cire. In ƙungiya ba ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba banki ba zai buɗe mata asusu da sunanta ba, kuma za su nemi takardar SCUML, wato sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Wannan yana ɗaukar lokaci, don haka a fara yanzu. Kafin ya fito, kowace Juma'a a sa hoton bayanin asusu a zauren nan, da rasit na duk abin da aka saya. Sayayya mai nauyi a nemo farashi daga shago uku. Sito kuma ya samu littafinsa: abin da ya shiga, abin da ya fita, wa ya karɓa, sa hannu ko dangwale. Wanda yake riƙe da makullin sito kada ya zama shi ne mai rubuta littafin. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma sai an nuna wa mutane cikin.

Malamar Firamare:
Ina goyon bayan Baba, sai dai a fara daga rajistar yara, domin lissafin 300 ɗin nan na kafin ruwa ne. Wasu iyalai sun koma wurin dangi a Azare ko Gamawa, wasu kuma sun shigo daga rugage da ƙauyukan da ba su da makaranta. A zauna da hedimasta da kwamitin SBMC mai kula da makaranta da mai unguwa a bi gida-gida: sunan yaro, sunan uba da uwa, aji, inda yake kwana yanzu, wa ke ciyar da shi. A ware shafi na yaran da ba su taɓa shiga aji ba, don in za a ba da abinci za su zo, kuma bai kamata a kore su ba.

Tsohuwar rajistar da ta jiƙe kada a shanya ta a rana, kada kuma a fizgi shafukan da suka manne. A tsayar da ita a inuwa inda iska ke kaɗawa, a ɗan buɗa ta kamar mafici, in ta fara shan iska a riƙa sa farar takarda tsakanin shafi da shafi ana sauyawa. Duk shafin da ya buɗu a ɗauki hotonsa da waya nan take. Makin gwajin da ke ciki shi ake nema ranar da za a yi wa 'yan aji shida da 'yan JSS 3 rajistar jarrabawa, in ya ɓace yaro ne zai sha wahala.

Maganar yunifom, a roƙi hedimasta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma su ɗage dokarsa na zango ɗaya, kowa ya zo da abin da ke jikinsa. Abin da aji ke bukata ranar farko kaɗan ne: allo ko fallen katako da aka shafa wa baƙin fenti, alli, tabarmi, littafin rubutu biyu da fensir ga kowane yaro. Akwatin kayan karatu na gaggawa da UNICEF ke bayarwa an tsara shi ne don malami ɗaya da yara 40 na wata uku, kuma suna da ofishi a Bauchi, amma ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ake bi, ba a zuwa kai tsaye a ce a ba ni. A rubuta takarda ta hannun sakataren ilimi tun yanzu. 'Yan aji ɗaya zuwa uku kuma a bincika ko akwai ragowar littattafan Mu Karanta a makarantun da ruwa bai shiga ba, a aro.

Uwar Marayu:
Malama, a kan yunifom na yarda, ban da hijabi da silifas da audugar mata. Yarinyar da ta fara girma ba za ta fito da kaya ɗaya tilo da ya yage ba, kuma ba za ta faɗa wa kowa dalili ba, sai dai a ga ba ta zuwa. Waɗannan a saya yanzu, mace ta raba musu a ɗaki, ba a layi gaban maza ba. In lokacin ɗinka yunifom ya yi, a ba telolin garin, su ma ruwan ya shafe su, kuma za su auna yaro kafin su yanka. Na kasuwa da ake sayowa a dunƙule rabi ba ya shiga jikin kowa.

Injiniya:
Shugaba, makarantar da ruwa ya taɓa aji biyu, kada yaro ya shiga ko ɗaya cikin azuzuwanta sai an duba. Abin da ake dubawa: tsagewar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ƙofar da da tana rufuwa yanzu ta ƙi, daɓen da ya zauna ko yake amsa kamar ganga in an buga, da gindin bango ta waje inda ruwa ya rarake ƙasar da ke ƙarƙashin fandisho. Ginin ƙasa ya fi haɗari bayan ruwa ya janye, domin gindinsa ya sha ruwa ya yi laushi alhali samansa na nan da nauyinsa. Sau da yawa ba ranar ambaliya yake faɗuwa ba, sai bayan kwanaki.

Abu na biyu, a je da fenti. Ruwa yakan bar layi a jikin bango, ja-ja haka da ɗan yayi a manne. A shata layin nan da fenti kafin ya goge, a rubuta shekara. Duk ginin da za a yi nan gaba daɓensa ya hau saman layin da aƙalla ƙafa ɗaya zuwa biyu. Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake sauko da ruwansa, kuma madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana magana ba a kammala ta ba, don haka ruwa na iya iso mana ko ba a yi sama a nan ba. Wanda ya ga yadda hanyar Kano zuwa Maiduguri ta yanke a yankin Katagum a Agustan 2024 ya san ba abin shekara ɗaya ba ne.

Amma ban ba da shawarar ƙungiya ta sa kuɗinta a gini ba. Aji biyu za su cinye abin da aka tara gaba ɗaya, yara kuma su zauna jiran magini har hunturu. Ginin makarantar gwamnati aikin SUBEB ne da kuɗin haɗin gwiwa na UBEC, takwararta ta tarayya. Namu shi ne takarda da hotuna da bibiya. Abin da za mu iya shi ne rumfa: mita 7 da 8 tana ɗaukar yara 40, a kan tudu, a cika ƙasanta da jar ƙasa a daddaɓe, a ja ƙaramar magudana kewaye. Tamfol zalla yana dafa yara da hantsi, sai a ɗaga rufin ya kai mita uku a tsakiya, a shimfiɗa zana a samansa, gefe kuma zana zuwa ƙirji kawai don iska ta ratsa. A ɗaure da igiya ta cikin zoben tamfol, kada a buga ƙusa a jikinsa, daga nan yake fara yagewa.

Ɗan Agaji:
Injiniya, to bangon da bai tsage ba fa, a yi masa filasta da fenti kafin yara su koma?

Injiniya:
A'a. Bango mai danshi in ka rufe shi da filasta ka kulle ruwan ne a ciki, bayan wata biyu zai kumbura ya zubo. A kankare laka, a wanke, a buɗe tagogi, a bar shi sai iskar hunturu ta busar da shi. Kuma duk ranar da za a yi rufi, a ɗaure rafta da langa-langa ko rodi a cikin linta. Yawancin kwanon makarantun da iskar farkon damina ke yayewa ƙusa kawai aka buga.

Malamar Asibiti:
Ni ta ɓangarena, kada a tara yara 300 wuri ɗaya sai an gama maganar ruwa da bayan gida. In ba haka ba makarantar ce za ta zama inda cuta ke yaɗuwa. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da Bauchi ta kasance cikin jihohin da amai da gudawa ya fi yi wa ɓarna.

Lissafin da masu aikin agaji ke bi shi ne lita 3 ga kowane ɗalibi a rana don sha da wanke hannu. Yara 300 lita 900 ke nan, jarka 36 mai lita 25. Duk rijiyar da ruwa ya haura bakinta a ɗauka ta gurɓace, domin shaddodin gari sun cika sun haɗu da ita. Sai an kwashe ta an zuba sinadarin kulorin, wannan kuwa a nemi RUWASSA, hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, ko sashen tsafta na ƙaramar hukuma. Kafin nan a riƙa sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta, domin girman ƙwayoyin ya bambanta, a jira minti 30 kafin a sha. Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa ƙwaya cikin ruwa mai laka. Lakar ce ke cinye ƙarfin maganin. A fara sa alif ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a sa. Randa mai buɗaɗɗen baki da moɗa ɗaya kowa na tsomawa ita ma tana mayar da aiki baya, a samu bokiti mai famfo.

Bayan gida, rami ɗaya ga 'yan mata 30, ɗaya ga maza 60, a raba su nesa da juna, na mata da ƙofa mai sakata. Ya yi nisan mita 30 daga rijiya. Inda ruwan ƙasa ya taso kusa, ba a zurfafa rami, ɗaga shi ake yi sama da bulo. Makarantar da mutane ke zaune a ciki, ranar da suka tashi a wanke daɓe da benci da sabulu, sannan a bi da ruwan Hypo ko Jik mai ƙarfin kashi 3.5, gwangwani ɗaya cikin gwangwani 16 na ruwa.

Kowace makaranta ta ajiye ORS, wato ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, da ƙwayar zink. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana a zubar. Zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jariri ƙasa da wata shida rabin haka. In babu ƙunshin, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya. Yaron da gudawarsa ta zama kamar ruwan shinkafa, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, asibiti kai tsaye ana ba shi ruwan a hanya.

Uwar Marayu:
Sista, wasu sun yi alkawarin katan-katan na madarar gwangwani don jarirai. A karɓa?

Malamar Asibiti:
Hajiya, a yi musu godiya a roƙe su su mayar da ita hatsi ko sabulu. Madarar gari a wurin da ruwa ba shi da tsabta gudawa take kawowa, kuma uwa in ta fara ba da ita nononta yana raguwa, gwangwani ya ƙare a rasa duka biyun. A ciyar da uwar, ita ce maganin. Jaririn da ya rasa uwa a kai shi asibiti a tsara masa.

Ƙannen ɗalibai kuma, daga wata 6 zuwa 59, a auna damtsensu da tef ɗin awo. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, sai cibiyar da ake ba da abincin gyaɗa na magani. Tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne, a ƙara abinci a sake awo bayan mako biyu. A danna bayan ƙafafu biyu da yatsa na daƙiƙa uku, in gurbin ya zauna shi ma asibiti ne ko da damtsen ya cika. Katin rigakafin da ya ɓace a je a sake, musamman saboda ƙyanda, wadda cunkoso ke hura wa wuta. Sannan a ja kunnen yara kan wanka a kududdufi, ga nutsewa ga tsargiya. Macizai ma ruwa ya koro su tudu, a share ciyawar da ke kewaye da rumfa. In tsautsayi ya faɗa kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, a hana ƙafar motsi a nufi asibiti mafi kusa. Kaltungo da ta shahara da maganin sara tana da nisa daga nan, don haka a tambayi asibitocin kusa tun yanzu wanne ke da allurar.

Tsohon Hedimasta:
To ga inda kashi biyun nan za su tafi. Kunu ɗaya a makaranta da ƙarfe goma ya fi kowane wa'azi riƙe yaro. Haɗin da aka sani shi ne mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa. Waken suya a jiƙa, a cire ɓawo, a shanya, a soya sama-sama har ƙarnin ya fita, in ba haka ba yara za su ƙi sha kuma yana kumbura ciki. Gyaɗa a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar, bana danshi ya yi yawa. In aka ba kowane yaro giram 100 na garin, yara 300 kilo 30 ne a rana, kilo 150 a mako. A niƙa na mako biyu kawai, don mai gyaɗa ba ya jure ajiya. Buhuna a ɗora kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Masu dafawa iyayen yaran ne, a biya su, kada a ce sadaka za su yi alhali su ma ba su da na cefane.

Ɗan Agaji:
Ni dai da za a bi tawa, a ba iyaye kuɗin a hannu. Uwa ta fi mu sanin abin da ɗanta ya rasa, kuma babu kuɗin mota, babu sito, babu ɓera. A sa sharaɗi: yaron da ya cika kwana 16 cikin 20 a wata, uwarsa ta karɓa.

Uwar Marayu:
Ba da kuɗi ga uwa na yarda da shi ga gidajen da suka fi shiga wani hali, kamar na zawarawa da tsofaffin da ke riƙon jikoki. Sharaɗin ne ban yarda ba. Yaron da zai kasa cika kwana 16 shi ne mai zazzaɓi, ko wanda sai ya hau kwalekwale, wato wanda ya fi kowa bukata. In ya yi fashin kwana uku a jere a aika a ji dalili, kada a yanke wa gidan abinci. Kuma a kula da mai POS, a yi ciniki da shi a dunƙule ƙungiya ta biya ladansa, kada a cire daga na uwar.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A irin wannan lokaci ne mutane ke zuwa da mota su ce za su ɗauki yarinya su sa ta makaranta a birni, ƙarshenta aikatau ne. Kada a miƙa yaro ga kowa sai da sanin mai unguwa da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, a rubuta suna da adireshi da lambar waya, a kuma bi sawu. Marayan da ke da kaka ko gwaggo ko kawu a bar shi a hannunsu a tallafi gidan, ya fi a kwashe shi zuwa wani gari. Ranar rabo kuma kada a jera yara a ɗauki hoton fuskarsu suna riƙe da kaya. A ɗauki kayan, a ɗauki rumfar, ya isa shaida.

Malamai su sani, za a ga yaron da ya koma fitsarin kwance, da wanda ke firgita in hadari ya haɗu, da wanda ya daina magana. Ba iskanci ba ne, kada a sa bulala. Makon farko a cika shi da gaɗa da langa da zane da karatun da suka riga suka iya, a riƙa buɗewa da tashi a kan lokaci ɗaya kullum. Wanda ya wuce wata bai sauya ba a kai shi asibiti.

Shugaban Zaure:
Allah gafarta Malam, cikin kuɗin akwai wanda masu shi suka ce zakka ce. Ya halatta a yi rumfa da ita?

Malam:
Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya. A ware ta daban tun a littafi. Zakka tana da masu ita guda takwas da aka ambata a Suratut Tauba aya ta 60, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a yin gini da ita, ko makaranta ko masallaci. Mallaka ake yi wa mabukaci. Don haka zakka ta tafi hannun iyaye da masu riƙon marayu, kuɗi ko hatsi, rumfa da alli da alawus ɗin malamai kuwa a yi da sadaka. Abin da aka karɓa da sunan karatun yara kuma amana ce, ba a juya shi zuwa wani aiki sai an koma ga masu shi. 'Yan'uwa da ke Bauchi ko Gombe ko Kano suna tambaya ko za su iya aiko da tasu: asali a raba ta inda ta wajaba, amma malamai sun yarda a kai ta wani gari in mutanensa sun fi bukata. Manoman tudu da Allah Ya ba amfani bana, zakkar hatsinsu ɗaya cikin goma ce ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga na ban-ruwa, in ya kai nisabi. A tuna musu tun kafin a ɗaure dami.

Sannan ina tuni da almajiran tsangaya. Ba sa cikin rajistar kowa, iyayensu na nesa, gidajen da ke ba su abinci kuma yau su ma nema suke. A je wurin alaramma a ƙirga su, a sa su cikin kunu da gidan sauro da tabarma. Alƙur'anan da suka jiƙe a shanya warƙa-warƙa a inuwa, wanda ya lalace a binne shi a wuri mai tsarki.

Malamar Firamare:
Malam ya taɓo alawus, kada a wuce shi. Malaman ƙauyukan nan su ma gidajensu sun rushe, wanda yake neman inda iyalinsa za su kwana ba zai tsaya a aji ba. A sa su cikin masu karɓar tallafi. Inda malami bai kai ba a nemi 'yan garin masu NCE da ke zaune, irin waɗanda suka gama kwalejin ilimi ta Aminu Saleh a Azare, a yanka musu abu kaɗan amma tabbatacce duk wata, da sanin sakataren ilimi. Makarantar da hanya ta yanke, malami ɗaya ya ƙetara ya fi yara sittin su ƙetaro. A kafa rumfa a can ɓangaren.

Wadda mutane ke zaune a ciki kuma, ba korarsu za a yi ba, ina za su? A zauna da su da mai gari a fitar da aji biyu, a tara benci da littattafai a ɗaya a kulle, don itacen girki ya yi wuya kuma benci busasshen katako ne. Ɗayan a yi karatu biyu a ciki, ƙanana da safe, manya bayan azahar. A keɓe wurin girki a waje.

Ɗan Agaji:
Na janye maganar sharaɗi ga gidajen marayu. Ga sauran gidaje ina nan a kan bakana, a kai wa SBMC su yanke, su suka san mutanensu.

Ma'aji:
To ga abin da na rubuta, a gyara mini in na yi kuskure. Ranar Asabar mota za ta tafi, amma da tamfol da tabarmi da kayan rubutu da bokitai masu famfo da sabulu da ORS da kayan 'yan mata. Jaka da yunifom an ɗage. Zakka a shafinta daban. Kuɗin hatsi ba za a taɓa ba sai sabon gero ya shigo kasuwa. Takarda zuwa sakataren ilimi da SUBEB ina so a samu mai rubutawa yau. Abu ɗaya da ba a ambata ba: takardun haihuwa da suka tafi da ruwa. A haɗa sunaye a kai ofishin hukumar ƙidaya na ƙaramar hukuma a dunƙule, 'yan sakandare kuma a duba lambar NIN ɗinsu, don ba a rajistar JAMB sai da ita.

Injiniya:
A ƙara galan ɗaya na jan fenti da buroshi don layin ruwa, da tef na awo. Zan turo zanen rumfar da adadin sanduna kafin Alhamis.

Malamar Firamare:
Da baƙin fentin allo, Ma'aji, da fallen katako shida. Allin kuma a sa shi cikin leda biyu a ɗaure, in ya sha danshi a hanya ba ya rubutu.